Haruffa masu kumatu: littafin aikin allon su Goggo

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Goggo ce ta jawo min wannan aiki. Su goma sha ɗaya ne matan unguwarmu da suke zuba adashi, da kaka su sari gyaɗa, su matse mai, su soya ƙuli-ƙuli, su yi kantun riɗi, zoɓo kuma su shanya su ƙulla a leda. Bana sun kama rumfa a bakin titin da ya tashi daga Gumel zuwa Maigatari, saboda ran Alhamis motocin kasuwa ba sa yankewa tun daga asuba. Ta aiko ƙanena ya kira ni daga shagon caji, na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida.

"Ɗan nan, tunda kai ne mai kwamfuta, allo muke so. Amma ba irin siririn rubutun takardar asibiti ba. Irin na jikin ledar biskit ɗin yara, mai kumatu. Wanda direba zai hango tun bai iso ba."

Na ce to Goggo, an gama. A raina na ɗauka aikin yini guda ne. Na buɗe wannan littafi don in riƙa rubuta abin da na kashe, in ya so mu yi lissafi a ƙarshe.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Rana ta yi kyau, batirin sola ya cika, na zauna na bi salon haruffan da ke kwamfutata ɗaya bayan ɗaya. 'Yan shagon buga takardu fon suke cewa, ni ma haka zan riƙa cewa. Uku na ware.

Na farko Cooper Black. Tsoho ne, wani Oswald Cooper ya zana shi a Shikago ta Amurka, aka fitar da shi a 1922, lokacin da ake zuba haruffa da dalma. Yana da 'yan ƙafafu a gindin kowane harafi, amma duk an dunƙule su kamar curin fura. Shi ne a jikin jiragen easyJet. Na biyu Arial Rounded, wanda yake tsaf-tsaf, sai dai bai kai ƙibar da Goggo take nufi ba. Na uku Fredoka One, na wata mai zane Milena Brandão, wanda ake saukewa kyauta. Shi ba shi da ƙafafu, ko'ina kaurinsa kusan ɗaya, kuma duk inda sanda ta ƙare sai ta ƙare a mulmule kamar kan taɓarya. Da na gan shi na san shi ne mai kumatun.

Sai na buga ƘULI-ƘULI. U da L da I suka fito ɓul-ɓul, Ƙ kuwa ta fito siririya, domin kwamfuta ta rasa ta a fon ɗin ta je ta aro daga wani. Ta tsaya a gaba kamar ramammen ɗan akuya a cikin ragunan layya. Na gwada zoɓo, gyaɗa, riɗi. Duk kanwar ja ce. Sai yanzu na lura kayan su Goggo kaf babu wanda sunansa ba shi da ƙugiya, wato lanƙwasar nan ta ƙ da ɓ da ɗ. Waɗanda suka zana haruffan nan ba da Hausa a ransu suka zana ba, ba laifinsu ba ne, amma ni aka bari da jidali.

Talata, 5 ga Nuwamba

Abokina mai shagon hoto ya ce in bar wahalar da kaina, in rubuta KULI-KULI da ZOBO kamar kowa, ai ba wanda zai tsaya ya tambaya. Gaskiya ne, rabin allunan da ke tsakanin nan da Kano haka suke. Mun saba, har ido yana cike gurbin da kansa.

Ni dai abin bai kwanta min ba. A saƙon waya in ka rubuta baki kana nufin baƙi, mai karatu zai gane daga maganar da ke kewaye. A allo babu wata magana a kewaye, kalma huɗu ce ko biyar, kowane harafi ya kai taƙi guda. In ka yi kuskure, kuskuren ma taƙi guda ne, kuma yaran firamare za su wuce ta gabansa safe da rana suna haddacewa. Malaminsu yana fama da su a aji kan bambancin kasa da ƙasa, kara da ƙara, ni kuma in kafa musu allo a bakin titi ina warware masa saƙa.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Na samo mafita. Fredoka One yana ƙarƙashin lasisin da ake kira OFL, wanda ƙungiyar SIL ta tsara. Ya yarda ka gyara haruffan, ka ƙara naka, ka yi aikin kuɗi da su, har ka raba wa wasu. Sharaɗin shi ne kada ka sayar da fon ɗin shi kaɗai, abin da ka gyara ya ci gaba da zama a kan lasisin, kuma in mai shi ya keɓe sunan to ka sa wa naka wani suna. Cooper Black da ke kwamfutata ba haka yake ba, ba ni da izinin taɓa shi, don haka ya fita daga lissafi.

Na sauke FontForge, manhajar gyaran haruffa ta kyauta. Sai da na hau tudun bayan makaranta kafin sabis ya ja.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Kwana huɗu ke nan ina kokawa da harafi uku. Dabarar da na fara da ita mai sauƙi ce: kan ƙaramar f ai ƙugiya ce da ta lanƙwasa dama, kuma mai zanen ta riga ta yi ta da kaurin da ya dace. Sai na yanko ta na ɗora a kan sandar b da d da k.

A kan d ta zauna lafiya, don gefen dama fili ne. Matsalar sai wajen maƙwabta. Da na buga riɗi, ƙugiyar ta je ta rungumi ɗigon i, suka zama dunƙule ɗaya. Haka kuɗi, haka daɗi, haka faɗi. Ban taɓa lura da yawan ɗi a Hausa ba sai yau. Dole na gajarta ƙugiyar, na kuma sa wa ɗ da i tazara ta musamman, wadda ba ta shafi ɗa ko ɗu ba.

Ɓ ƙarama ta fi ba ni ciwon kai. Irin wannan fon ɗin cikinsa babba ne, wuyansa gajere. Tumbin b ya cinye kusan duk tsayin, abin da ya rage a sama ɗan kaɗan ne, kuma nan ƙugiya mai kauri za ta shiga ta rataya a kan tumbin ba tare da ta taɓa shi ba. In na sirance ta sai ta zama kamar jelar ɓera a jikin sa. In na bar ta da ƙibarta sai ta toshe. Abin da na yi a ƙarshe, na ɗaga wuyan ya ɗan zarce na b, na rage wa ƙugiyar kauri kaɗan yadda ido ba zai kama ba. Ita ma ƙ haka, hannun k na sama yana miƙowa daidai inda ƙugiyar take son sauka, sai da na sassauta hannun ƙasa.

Manyan ba su wahalar da ni haka ba. Ɓ da Ɗ ƙugiyarsu a hagu take, a waje. Ƙ kuwa hannunta na dama ne yake lanƙwashewa.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Wauta. Na gama, na buga gyaɗa, sai ga siririyar ɗ ta dawo. Ashe kowane harafi yana da lambar gidansa a tsarin Unicode, ni kuma na sauke ɗ a gidan maƙwabciya. Nata 0257 ne, na sa ta a 0256, gidan wata d mai jela a ƙasa da Ewe na Ghana da Togo suke amfani da ita. Na rubuta sauran a bangon shago da alli don kada in sake: ɓ 0253, ƙ 0199, Ɓ 0181, Ɗ 018A, Ƙ 0198.

Na raɗa masa suna Ɓulɓul. Abin dariya, wajen sunan fayil na ji tsoron kada wata kwamfutar ta ƙi karɓa, sai na rubuta Bulbul. Ni mai wa'azin ƙugiya.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Gwaji a filin ƙwallon firamare. Na buga kalmomin a takarda, na manna a kwali, tsayin harafi inci 6. Masu aikin allo suna da wani ƙiyasi, wai kowane inci na tsayin harafi yana karantuwa sosai daga ƙafa 10, wato nawa ya kamata ya yi ƙafa 60 ba wahala. Ƙanena ya riƙe kwalin a bakin raga, na tara yara shida 'yan aji biyar da shida, muna ja da baya ina tambaya.

MAN GYAƊA da ƘULI-ƘULI sun wuce ƙafa 60 da nisa. Amma da na ɗaga zoɓo da ƙananan baƙaƙe, wata yarinya ta ce, "Yaya, zo shida o." Sauran suka kwashe da dariya. Ba ta yi ƙarya ba. Daga nesa ɓ mai ƙiba lamba 6 ce sak, shi ya sa ma a Facebook mutane suke rubuta ta6a da 6ata. Na koma na miƙar da bayan harafin, na bar sandar ta sauko har ƙasa da ɗan dunduniyarta, yadda ba za ta zagaye kamar 6 ba. Allon kuma na yanke shawarar manyan baƙaƙe zalla.

Wani abu da na gani da idona: kaurin harafi ba shi ne ke sa a karanta shi ba. Ramukan cikinsa ne. Da muka yi nisa, A da R da Ɓ su suka fara mutuwa, don 'yan tagogin cikinsu ƙanana ne, sai harafin ya koma baƙin dunƙule. O da U da L kuwa har ƙarshen fili ana gane su. Na buɗa ramukan Ɓ, na kuma ƙara tazara tsakanin haruffan gaba ɗaya. A allon kwamfuta sun fi kyau a matse kamar tsiren nama, a fili kuwa sai sun sha iska.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Mai walda ya gama firam, ƙafa 8 a ƙafa 4, da falankin ƙarfe. Kuɗin ya haura abin da muka yi tsammani. Goggo ta ce a ci gaba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Yau na kai wa Baba mai fenti, kuma yau na san ban san komai ba.

Tsoho ne da ya yi shekaru yana rubuta jikin manyan motoci da allunan makarantu, tun kafin a san bana ta roba. Na zaɓi fenti maimakon banar roba da gangan, domin ita ranar bazara biyu ta isa ta koɗar da ita, iskar farkon damina kuma ta yage ta. Na shimfiɗa masa takardun a tabarma. Ya daɗe yana kallo, ya juya su sama da ƙasa, sannan ya ce, "Samari, wannan ai rubutun allo ne aka yi wa boko." Na ce Baba kamar yaya? Ya ce in tuna rubutun alarammomi na warash, yadda alƙalamin kara yake ajiye tawada da kauri, ƙarshen kowane harafi a dunƙule, cikin wawu da mimu ɗan ƙarami. Ya ce idon mutanenmu ya saba da baƙi mai nauyi tun daga tsangaya, shi ya sa siririn rubutu yake musu kamar ba a gama ba. Ban taɓa haɗa abin haka ba, amma tun da ya faɗa na kasa daina ganinsa.

Na zo da niyyar mu yanka kwali da reza mu fesa. Ya ƙi. Ya ce in an yanka O ko Ɗ dole a bar gada da za ta riƙe cikin, gadar nan kuwa a jikin harafi mai ƙiba kamar tsagar wuƙa ce a kumatu. Ga yadda ya yi: ya huda layin kowane harafi da allura a jikin takardar, ya ɗora a kan ƙarfen da ya sha farin shafe ya bushe, ya ƙulla garin gawayi a tsumma yana bubbugawa. Da ya ɗaga takarda sai ga harafin a ɗige-ɗige. Ya bi da fensir.

Wajen kan sanduna kuma, buroshinsa mai faɗi ne, in ya ja ya ɗaga kai tsaye yake yankewa. Sai ya laluba aljihu ya fito da murfin kwalba, ya gwada, ya yi kaɗan. Ya aiki jikansa ya kawo gwangwanin tumatir ƙarami, ya kifa a ƙarshen sandar L, ya zauna daidai. Da shi ya zagaye kan kowane harafi a allon, har ƙugiyoyin. Ya ce in kai ɗaya ya fi wani faɗi, mai wucewa ba zai san me ya dame shi ba, amma zai ji rubutun yana ɗingishi.

Na so in yi masa gyara da na ga O da U sun ɗan zarce layin da ya ja a ƙasa. Ya ce, "Bar su. Mai zagaye in ya tsaya a kan layi daidai, sai ya zama kamar ya fi 'yan'uwansa gajarta." Na dawo shago na duba a FontForge, haka mai zanen ma ta yi, O ɗinta ta leƙa sama da ƙasa. Shi bai taɓa kama linzamin kwamfuta ba.

Mun yi gardama kan launi. Ni kore nake so da farin rubutu. Ya ce fari a kan duhu kumbura yake a ido, haruffan da tun farko a ƙoshe suke za su toshe, kuma ƙurar hunturu za ta mayar da farin ruwan ƙasa kafin wata guda. Muka tsaya a kan ruwan ɗorawa, rubutu ja mai duhu irin na zoɓon da ya jiƙu.

Alhamis, 5 ga Disamba

An kafa allo jiya da yamma. Layi uku: ƘULI-ƘULI, MAN GYAƊA, sai ZOƁO DA RIƊI. Matan sun so a sa sunan ƙungiya da farashi da "sai an gwada akan san na ƙwarai", na roƙe su da girman Allah su bari. Irin wannan rubutu kamar mai shela ne, kalma kaɗan yake iya ɗauka da ƙarfi.

Da safe hazo ya sauko sosai. Na hau babur na wuce ta gabansa sau uku, daga kudu da daga arewa. Daga wajen Gumel ana kama shi da wuri. Daga wajen Maigatari reshen darbejiya ya rufe layin sama, an sare shi kafin azahar. Wata motar raguna ta tsaya, yaron motar ya diro yana cewa a ba shi na ɗari biyar, na ji direban yana ce masa ai tun daga kwana ya gani. Goggo ba ta ce min komai ba, sai da daddare aka aiko min da kwanon ƙuli da kwalbar mai.

Litinin, 16 ga Disamba

Sitikar kwalba da ta leda. Nan na yi asara. Na kai fayil wani shagon buga takardu a Kano, ban tsaya an buɗe a gabana ba don ina sauri in kama motar gida. Kwamfutarsu ba ta da Ɓulɓul, sai manhajarsu ta musanya shi da abin da ta ga dama, inda ƙugiya take kuma ta zuba akwati. Guda 200. Ba su duba ba, ni ma ban duba ba sai a mota bayan mun wuce Gezawa. Rabin laifin nawa ne: kamata ya yi in mayar da rubutun zane kafin in bayar, yadda ba ya buƙatar fon a ko'ina.

Asarar ta tona wani kuskuren da ba na shagon ba. Na buga gwaji a firintata da Ɓulɓul ɗin gaske, na ga ƙananan bayanan, wato abin da ke ciki da lambar waya, ba sa karantuwa. A wannan ƙanƙanta 3 da 8 ɗaya suke, 6 da 0 sai ka kanne ido. Tawada ta ɗan bazu a takarda, ramukan sun cike. Na mayar da duk ƙananan rubutun zuwa Andika, fon ɗin da SIL ta yi don masu koyon karatu, wanda dama yana da ƙugiyoyinmu duka. Ɓulɓul ya tsaya a sunan kaya kawai.

Na kuma ce a yanka sitikar da kusurwa a zagaye. Mai tsini daga kusurwa take fara ɓanɓarewa, balle a kwalbar da hannu mai maiƙo yake ɗauka.

Asabar, 28 ga Disamba

Allon ya jawo min kasuwa, har da wadda ba na so. Mai shayin tasha yana son nasa, na karɓa. Malam hedimasta yana son haruffan a bangon ajin 'yan share fage, a b ɓ c d ɗ, wannan kam da murna, don yara suna son abin da za su bi da yatsa.

Kawu kuma ya zo yana son AN HANA ZUBA SHARA A NAN a bangon gidansa. Na buga masa ya gani. Ya kalla, ya kalle ni, ya ce, "Wannan ai kamar ina gayyatarsu ne." Haka ne kuwa, harafin murmushi yake, ba ya iya ɗaure fuska. Na ba shi wani mai kusurwa, dogo, mara fara'a. Jiya ma wani ya kawo sanarwar addu'ar uku ta mahaifinsa ya ce in sa "irin na Goggo", na lallashe shi ya bari.

Alhamis, 9 ga Janairu 2025

Sitika ta biyu ta iso, wannan karon a gabana aka buɗe. Ƙugiyoyi sun fito, ɗi ba ta haɗe ba. An manna wa kwalba 60.

Wani ɗan kasuwa daga Nijar da ke sauka Maigatari duk mako ya tsaya a rumfa, ya ce yana son allon shagonsa da wannan rubutu, amma su can ba sa rubuta 'ya'ya da waƙafi a sama kamar mu, y mai ƙugiya suke sawa, ƴ. Ban zana ta ba. Na duba gidajenta, 01B4 da 01B3, na ƙara a bango. Haka alamar naira, ₦, matan suna son ƙaramin allon farashi kafin azumi, wanda muke sa ran zai kama farkon Maris, lokacin da zoɓo yake tashi. Sanda biyu a gicciye cikin N mai wannan ƙiba, ban ga inda za su shiga ba tukuna. Zan gwada siranta su, in kai wa Baba ran Lahadi ya duba. Ya ce in taho masa da gwangwanin madara, na tumatir ɗin jikansa ya yi mota da shi.